Ban Ba Farfesa Kwamfutarka Ba

Baban Nana,

Sallama gare ka a makwancinka. Na san babu mai kai maka wannan takarda, ba kuma za ka karanta ta ba. Amma maganar tana ci na, kuma kai kaɗai nake son faɗa wa.

Yara suna lafiya. Nana ta shiga aji uku. Da na fita takaba muka bar gidan Tarauni, muka dawo Gyaɗi-Gyaɗi wajen Inna.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna gurbin binciken da wata jami'a a Turai ta ba ka, inda masana falsafa da masu nazarin ƙwaƙwalwa suke aiki tare? Tambayar da ka ƙarar da ƙuruciyarka a kanta ke nan: shin tunanin mutum aikin ƙwaƙwalwa ne kawai, ko akwai wani abu bayan haka? Ka tuna yadda Farfesa, shugaban sashenku, ya danne takardar izinin tafiyarka? Yau ya ce tana gaban kwamiti, gobe ya ce babu mai riƙe maka ɗalibai, har wa'adi ya wuce. To, bana sun sake buɗe gurbin. Kuma Farfesa ne yake nema.

Shekaranjiya sai ga shi a zauren Inna, ya sha babbar riga, direbansa na biye da buhun shinkafa. Ya yi ta yabon ka. Wai za su shirya taron ƙara wa juna sani da sunanka. Sai da ya miƙe zai tafi ya ce in ba shi kwamfutarka, sashe zai adana rubuce-rubucenka. Mutumin da ya ce bincikenka ɓata lokaci ne, wanda ya bi malamai yana raɗa musu cewa tambayoyinka sun fara taɓa imaninka, a garin nan da irin wannan magana take iya kashe mutum. Yau shi ne zai adana maka? Inna tana ta ƙifta min ido, na ce masa ba zan bayar ba. Shinkafar ma na sa aka mayar masa mota.

Amma ba da shi kaɗai nake fushi ba, har da kai. Sau nawa na ce ka kai ƙara gaba? Sai ka ce rabon mutum ba ya wuce shi. Kullum kana tura wa ɗalibai sanarwar tallafin karatu a waya, kana rubuta musu takardar shaida, amma kan haƙƙinka ka kasa buɗe baki. Ka dawo gida ka yi shiru, hawan jini yana cin ka ina kallo. Ban taɓa faɗa maka ba: wannan haƙurin naka da aka yi ta yabo a zaman makoki, ni na tsane shi. Allah Ya yafe mini, na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma me zai hana ka tafi da farin cikin abin da ka wahala a kai?

Jiya na kira Rifkatu, ɗalibarka ta Daurawa, wadda kuka riƙa zuwa asibiti tare kuna nazarin masu shanyewar ɓarin jiki da magana ta ɓace musu. Na danƙa mata kwamfutar. Za ta ƙarasa aikin, sunanka a gaba, nata a baya, kuma za ta nemi gurbin. Na tuna mata cewa Farfesa ne zai sa hannu a digirinta, ta je ta yi shawara da iyayenta. Ta ce ta san abin da zai biyo baya, kuma ta yarda.

In ya danne takardarta, ni da ƙafata zan je ofishin shugaban jami'a, ba zan tashi ba sai an saurare ni. Kar ka ce in yi haƙuri. Wanda ka yi ya ishe mu gaba ɗaya.

Allah Ya haskaka kabarinka. Ban huce ba tukuna, amma ban taɓa sallame salla ban roƙa maka gafara ba.

Matarka,
Bilkisu