An Rufe Rumfata Don Na Faɗi Abin da Ke Cikin Injin Caca

Zuwa ga Sarkin Kasuwar garinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina yi wa Sarkin Kasuwa barka da ɗawainiya da jama'a, da fatan iyali suna lafiya, amfanin gona kuma ya shigo gida lafiya.

Ranka ya daɗe, ni ne Sabi'u mai gyaran waya da rediyo, wanda rumfarsa ke daura da layin masu ɗinki. Ka san ni, ka san mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Sau huɗu ina zuwa ƙofar gidanka. Sau biyu aka ce ka tafi Dawanau, sau ɗaya aka ce kana hutawa, a na huɗu na same ka, ka ce in je za ka neme ni. Yau mako uku ke nan da kwaɗo a ƙofar rumfata, ba wanda ya neme ni. Shi ya sa na rubuto wannan takarda, kuma zan liƙa kwafinta a bakin kasuwa, tunda a bainar jama'a aka kira ni ɓarawo.

Na ɗaya, abin da ke bayan gidan kallon ƙwallo.

Tun bayan ƙaramar Sallah Lado mai gidan kallo ya kawo injuna uku ya jera a ɗakin baya: ja, shuɗi, da wani na bakin ƙofa. Mutum zai sayi ɗan ƙarfe mai kama da kwandala a kan naira ɗari, ya jefa, ya danna. Hotunan lemo da kankana da ƙararrawa su yi ta juyawa. In uku iri ɗaya suka tsaya a jere, injin ya zubo kwandaloli, a canza masa su da kuɗi. Lado yana cewa wasa ne. Ranka ya daɗe, ni da kai mun san sunansa. Caca ce.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ilimin banza da ya tsiro a kan injunan nan. Magidanta masu furfura suna zama a teburin mai shayi suna muhawara kamar masu taya shanu. Wannan ya ce jan ya fi kyauta. Wancan ya ce na bakin ƙofa ya fi saki, don a ja hankalin masu wucewa. Wani ya ce injin da ya kwana biyu bai biya ba ciki gare shi, haihuwa ta kusa, duk wanda ya tashi ya bar wa wani rabonsa. Har da mai taɓa bayan injin ya ji ko ya yi ɗumi. Akwai ma wani Ɗan'azumi da ke wuni a wurin, a ba shi naira ɗari biyu ya raɗa wa mutum injin da zai biya a ranar. Mutumin da silifas ɗinsa ma da waya aka ɗaure, shi ke nuna wa jama'a ƙofar arziki!

Na biyu, yayana.

Yaya Habu uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ya haura shekara hamsin, 'ya'yansa bakwai, bai taɓa ko karta ba. Ranar farko ya jefa na ɗari biyar, jan injin ya zubo masa na dubu takwas. Wallahi wannan dubu takwas ita ce mafi tsadar kuɗin da suka taɓa shiga gidanmu. Bana ya samu gyaɗa buhu shida. Ya yi niyyar sayar da huɗu ya sauya kwanon ɗakin matarsa, wanda duk damina sai an jera kwanoni ana tarar ruwa. Ya kai huɗun Dawanau, ya dawo da kuɗi, kafinta ma ya zo ya auna. Har yau ba a sayi fallen kwano ko ɗaya ba. Matarsa ce ta aiko a kira ni, ta faɗa mini ta bayan labule cewa an fara buɗe buhu na biyar, wanda aka ajiye na iri. Na yi masa magana, ya ce in bar shi, ya riga ya ciyar da jan injin, saura ƙiris.

Na uku, abin da idona ya gani.

Wata Litinin janareta ya ƙona wayar wutar injunan, Lado ya aiko a kira ni. Ba zan wanke kaina ba: na je, na gyara, na karɓi dubu biyu, kuma har yau kuɗin nan suna damuna. Amma da ban je ba, da ban ga abin da na gani ba.

Lado ya sa makulli ya buɗe bayansu. A jikin murfin kowanne akwai takardar bayani da Turanci, kuma na karanta ta. A ciki akwai ɗan allo mai nuna lamba, da maɓallin da ake ɗaga ta ko a sauke ta. Lambar saba'in ce. Ma'anarta, a duk naira ɗari da jama'a suka zuba, an tsara injin ya mayar da saba'in idan tafiya ta yi nisa, talatin ta zauna. Kuma saba'in ɗin ba ga wanda ya zuba take komawa ba. Tattara ta ake daga aljihun mutum ashirin, a watsa wa mutum ɗaya a gaban kowa, ya yi ihu, sauran su koma layi.

Na duba ja, saba'in. Na duba shuɗi, saba'in. Na duba na bakin ƙofa, saba'in. Fenti ne kawai ya raba su. Ɗumin da ake taɓawa kuwa na wutar lantarki ne, rediyo ma tana yin sa. Injin bai san Habu ba, bai san abin da Habu ya zuba jiya ba, balle ya ji kunyarsa. Duk wanda ka zaɓa, in ka daɗe a kansa, sai ya cinye ka. Mutum ɗaya ne a garin nan ya iya zaɓen inji, shi ne mai riƙe da makullin.

Ina haɗa kayana Lado ya dafa ni, ya ce in sauke masa lambar zuwa hamsin da biyar, wai kaka ce, mutane da kuɗi a hannu, ba za su lura ba. Ya ce zai ƙara mini dubu biyar. Na ce masa hannuna ba zai yi wannan ba. Ina fitowa na ga ya miƙa wa Ɗan'azumi kuɗin abinci. Nan na gane wanda yake yi wa aiki.

Na huɗu, abin da aka saka mini da shi.

Bayan sallar La'asar na tsaya a ƙofar masallacin kasuwa na faɗi wannan duka, ban ƙara ba ban rage ba. Kwana biyu tsakani aka wayi gari jan injin ba ya kamawa. Lado ya kai ƙara wai ni na lalata shi, na kuma kwashe kwandaloli. Ba a kira ni ba, ba a tambaye ni ba, ba a nemi shaida ba. Na dawo daga gona na tarar 'yan kwamitinka sun garƙame rumfata. Ɗakin caca yana buɗe, injuna biyu suna ta kiɗa, rumfar gyaran waya ce a kulle. An bar jaki ana dukan taiki.

Akwai wayoyin mutane goma sha bakwai a ciki. Akwai ta Hajiya Ladi, wadda ɗanta ke aiki a kudu, ita kaɗai ce hanyar da take jin muryarsa. Akwai ta wani mai sayen wake daga wajen Makoda, ya zo sau uku a kan babur, na ukun da zagi ya tafi. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, ko batir ba a taɓa cewa ya ɓata a hannuna ba.

Duk wannan da sauƙi a kan na gida. Yaya Habu ya yarda ni na kashe jan injin daidai lokacin da zai biya shi. A gaban 'ya'yansa ya dube ni ya ce: "Ka ga arzikina ya zo bakin ƙofa, ka sa ƙafa ka shure." Tun ranar ko gaisuwata ba ya amsawa. Gida ɗaya muke, ƙofa ɗaya muke fita. Yanzu ya koma kan shuɗin, wai cikin jan ya koma can.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ka sa a buɗe rumfata a ba mutane wayoyinsu. Ko da ina da laifi, su ba su da shi.

Ka haɗa ni da Lado a gabanka da dattawan kasuwa, ya kawo wanda ya ga na ɗauki ko kwandala ɗaya.

Ka fitar da injunan nan daga kasuwarmu tun kafin irin shuka ya ƙare a rumbunan mutane. Kai ka ba da wurin, kai za ka iya karɓewa. Idan abin ya fi ƙarfinka, ka faɗa mana a fili, mu kai gaba.

Amma kafin a ɗauke su, ina roƙon abu guda, kuma shi ya fi mini komai. A fito da su tsakiyar kasuwa ranar Laraba da rana tsaka. A karɓi makulli a hannun Lado, a buɗe bayansu su ukun. A kira malamin makaranta ya karanta takardar da ƙarfi, ya fassara. A sa yayana a sahun gaba. Ni ba zan ce uffan ba, ya riga ya daina jin maganata. Idan aka buɗe aka ga ƙarya na yi, ka bar kwaɗon nan a rumfata har abada, ba zan sake zuwa ƙofarka ba.

Allah ya ƙara wa Sarkin Kasuwa lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe amanar da ke wuyanka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah ya tsare guminmu daga haram, ya shiryi masu zubawa da mai kwashewa, ya daidaita tsakanina da ɗan'uwana.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sabi'u mai gyaran waya.