Duwatsun Wuyan Inna

Laraba da dare, Zuru

Jijiyoyin hannun Inna duk sun ɓace, nas ta ce dole a sa robar ƙarin ruwa ta babbar jijiyar wuya. Amma duwatsun wuyanta sun tare wurin. Marigayi Baba ne ya ɗaura mata su ran da ya gama golmo, noman aurenta. Ba ta taɓa cire su ba.

Nas ta ce mini, "Ƙanwata, yi haƙuri, sai an yanke zaren." Inna na sume, ni na riƙe kanta.

Da ta farfaɗo, ta kai hannu wuya, ta shafi robar, ta yi murmushi. "Suna nan."

Na ce, "Suna nan, Inna."

Ga su cikin tafin hannuna. Barci ya ƙi zuwa.