Kafiretar Baba

Laraba, goma da kwata na dare, Maamobi.

Kwana uku trotron Baba, ƙaramar bas ɗinsa ta haya, yana shan mai yana baƙin hayaƙi. Da ya tafi sallar la'asar na buɗe kafiretar. Ashe jet, ɗan bututun da ke auna mai, mai lamba 130 ya saka maimakon 120. Ƙananan lambobi sun fara fin ƙarfin idonsa. Na canza, na rufe. Ya dawo ya kasa kunne, ya murɗa sukuru, inji ya daidaita.

"Ka ji ko, injiniya? Wannan babu shi a makarantar da ka gama."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba."

Abin da ban sani ba: ko injin zai tashi da asuba, ko Baba ya lura na canza jet ɗin, da kuma yadda yake ganin hanya da fasinja cike a bayansa.