Sifanar da Na Rataya a Gurbin Wata

Malam, don Allah ka ba ni shawara, abin nan ya hana ni sakat.

Ni injiniya ne, shekara goma sha ɗaya ina gyaran tsofaffin jiragen fasinja masu farfela. A rumfarmu kowane kayan aiki yana da zanen siffarsa a jikin allo. In aka ga gurbi ɗaya wayam, dole a kai rahoto nan take, a tsayar da jirgi sai an nemo abin. Wata biyu da suka wuce na gama aiki a injin ɓangaren dama na wani jirgi, na sa hannu, jirgi ya tashi. Sai da na zo rataye kaya na ga babu ƙaramar sifana. Na laluba aljihu, na duba ƙasa, babu. Maimakon in faɗa, sai na ɗauko irinta daga motata na rataya. Na ce wa raina ƙila ta faɗa magudanar ruwa.

Kwana tara jirgin nan yana jigilar mutane kafin a tsince ta cikin murfin injin, har ta fara cin bututun mai. Aka duba allo, aka ga wadda ke rataye ba ta da tambarin kamfani. Da yake abokin aikina Dogo ne na ƙarshe da ya buɗe injin bayan ni, shi aka dakatar. Dogon nan shi ya koya mini riƙe sifana, saura shekara ɗaya ya yi ritaya. Na je gaishe shi, ya ce mini ƙila tsufa ne ya fara taɓa masa ƙwaƙwalwa, har yana yi mini nasiha in riƙa kula. Mako mai zuwa kwamiti zai zauna kan lasisinsa. 'Ya'yana uku. Ko matata ban gaya wa ba.

Ɗalibin Dogo

Amsar Malam: Ɗan'uwa, mantuwa tana kan kowa, kuma saboda ita aka yi allon. Rataya sifanarka kuwa da saninka ka yi, haka ma shirun wata biyu. Tsoronka kan 'ya'yanka gaskiya ne, ba na raina shi. Amma yanzu wani ne ke ɗauke da laifinka, har ya fara shakkar hankalinsa.

Ka fara gaya wa matarka, ita za ta sha zafin abin tare da kai. Sannan ka je wurin Dogo, ya ji daga bakinka. Kada ka matsa masa ya yafe a ranar. Ka rubuta rahoto da kwanan wata, ba kwana-kwana, ka nemi wakilin ƙungiyarku ya raka ka, ka miƙa kafin kwamiti ya zauna.

Ba zan yi maka alkawarin lasisinka zai tsira ba. Sau da yawa dai ana sassauta wa wanda ya kawo kansa fiye da wanda aka tono. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sa Dogo ya yi ritaya da sunansa a wanke.