Muryata Ta Dawo Mini Cikin Kai

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki?

Yaya, abin mamaki ya same ni. Tun da zazzaɓin nan ya ramar da ni, in na yi magana sai muryata ta riƙa amsa-kuwwa a kunnena na hagu, har numfashina nake ji, fuu, fuu. Ashe haka kuka sha fama da ni a gida? Allah ya ba ku lada!

Dole na koma magana ƙasa-ƙasa, ni da ake jiyowa daga ƙofar makaranta. Hedimasta ya ce in ɗalibaina ba sa ji na, zai ba wani malami ajin. Yaran da na koya wa riƙon fensir! Wallahi sai da na yi kuka.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi.

Na ga likita. Kunne na kai masa, sai ya zura mini siririyar kyamara ta hanci! Kin san ni da tambaya, sai da ya zana mini abin. Wai akwai wata 'yar hanya daga bayan hanci zuwa kunne, ba ta buɗewa sai an haɗiyi yawu ko an yi hamma. Tawa kuwa kitsen da ke danne ta ya bi rama, ta tsaya a buɗe. Ya sa na sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi, ƙarar ta ɗauke ɗif. Magani? In sha ruwa, in ci in mayar da jiki, in riƙa ɗiga ruwan gishiri a hanci. Sauƙi sai a hankali.

Jiya hedimasta ya zo karɓe ajin, har da sabon malamin. Suka tsaya ta taga. Ya tarar yara sun jawo bencinansu sun kewaye teburina, tsit, suna kasa kunne, mai surutu ma 'yan'uwansa ke harararsa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ja malamin suka tafi.

An bar mini yarana, Yaya. Sai dai abin na ta yi mini yawo a rai: shekara da shekaru ina ihu ba su taɓa saurarona haka ba. Ranar da na warke, ya zan yi da wannan muryar?

A gaida kowa.

Taki har kullum,
Auta