Ɗana Ya Rubuta Lamba a Kan Dutsen Ubansa

Didi Sarala mai ba da shawara a jarida, ki taimake ni kafin in yi abin da ba ya gyaruwa. Ni ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata Jema, wadda ta yi ungozoma a asibitin kamfanin haƙar ma'adinai har ta yi ritaya, ita ke riƙe da biro, kuma na ce kada ta sassauta mini kalma ko ɗaya.

Mijina Turam ya yi shekara ashirin da shida yana shiga keji ana zura shi ramin yuraniyom. Tari ne ya kashe shi. Da muka binne shi, maza arba'in suka ɗauko dutsen kabarinsa daga bakin rafi a kafaɗa, yadda aka yi wa ubansa da kakansa. Kin san mu, ba mu da takardar fili, duwatsun matattunmu su ne takardarmu. Gefen nasa akwai wurin da na share wa kaina.

Ɗa ɗaya gare ni, Budram. Itace na sayar ya yi karatu don kada ya shiga rami. To bai shiga ba. Yana ofishin tsare-tsare ƙarƙashin fanka, shi ke zana inda za a fasa dutse, da nawa za a kai injin niƙa, da inda za a zubar da lakar da ta rage. Tafkin da ake zuba lakar nan mai guba ya cika, za su faɗaɗa shi kafin damina.

Ran Talata na je shafa wa dutsen Turam mai, sai ga jan fenti a kai: 47. Duk duwatsun an yi musu lamba kamar buhunan siminti. Hannun ɗana ne. Ban yi boko ba amma na san karkatacciyar bakwai ɗinsa tun yana aji ɗaya.

Na tsare shi a ƙofar gida. Wai Inna ki saurara, in ba a faɗaɗa ba injin zai tsaya, mutum dubu su zauna gida. Wai hanya biyu ce, ko tafkin ya ci makabarta ko ya ci rijiyar gari, shi ya zaɓi ya bar wa masu rai ruwa. Wai katafila za ta kwashe duwatsun a hankali, lambar don kada a rikita ne. Na ce ubanka ne za ka rikita, ɗan banza? Katafila dangin Turam ce? Ita za ta zuba masa giyar shinkafa ta kira sunansa? Wata uku yana cin shinkafata da taswirar nan a jakarsa, bai ce uffan ba. Matarsa ma ta sani, tana matsa mini ƙafa tana murmushi.

Na hana shi shiga ɗakin kakanni, inda muke yi wa matattunmu hadaya. In ranar bikin kakanni ta zo bai shiga ba, dangi sun san na cire shi, kuma wannan ba a mayarwa. Saura kwana tara. Jema na cewa in haƙura. To nata mijin yana kwance lafiya a garinsu, ba lamba. Ni niyyata in shimfiɗa tabarma a kan dutsen, katafila ta ɗauke mu tare.

In na mutu kafin ki amsa, a sani: ba na bin kamfani komai, kada a karɓi kuɗinsu ko rupi ɗaya da sunana. Turam ne ke bin Budram, akuyar hadaya ɗaya da kafaɗarsa ta ɗaukar dutse. Tukunyar tagulla ta Jema ce, ladan rubutu.

Wadda za a rubuta wa 48

Inna,

Wasiƙarki ta iso ni. Fushinki yana kan hanya. Fentin nan cin fuska ne, shirun wata uku kuma ya fi fentin muni. Budram ya yi laifi, kuma kada ki bari ya ɓuya a bayan taswira.

Amma akwai maganar da kika wuce ta da gudu: rijiya. Ba shi ya cika tafkin ba, kuma da wani ne a kujerarsa, mai yiwuwa yau gari ba ruwan sha. Ina ganin tsoronki ne ya rufe masa baki. Da ya raina ki, da ya tura wani da gwangwanin fentin.

Ki naɗe tabarma. Zama kusa da lakar nan ƙirjinki zai ci, ba kamfani ba. Gobe ki ɗauki mai gari da dattawan dangi ku je ofishin da rana tsaka. Ku nemi sabon fili a rubuce da sunan dangi, kafin a taɓa dutse ko ɗaya, domin duk ranar da duwatsun suka tashi ba takarda, shaidarku ta tashi. Ku nemi a kwashe ƙasusuwa tare da duwatsu, a kafaɗa, a ranar da ku kuka sa. Mai tsara ranakun aikin ɗanki ne, ya san inda zai samo sati biyu.

Ƙofar ɗakin kakanni kuwa, ki sa mata sharaɗi maimakon kwaɗo. Ya je da ruwa da toka ya goge lambar da hannunsa a gaban dangi, ya kawo akuyar, ya yi alkawarin shi zai riƙe gaban sandar ɗaukar dutsen ubansa ranar ɗauka. In ya yi, ki buɗe. Ki tuna, Inna, in kika cire shi, naki dutsen wa zai ɗauko?

Ina miki fatan tsawon rai da sanyin zuciya, ki kuma gaida Jema.

Didi Sarala