Ɗan Abin da Na Kai Ofishin Haraji

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ni lafiya lau a nan, barci ne kawai ya guje ni.

Ka tuna tsohon harajin shagon ɗinkin da na rufe? Ashe saura ƙiris wa'adinsa ya cika, daga nan doka ta hana masu haraji nemansa a wurina. Kai kuwa ka dame ni: "Kai musu ko kaɗan, da babu gara ba daɗi." Na kai. Ma'aikaciyar ofishin ta karɓa tana murmushi, ta ce tunda na biya wani abu, wa'adin ya koma farko!

Ban ce laifinka ba ne. Amma yanzu dole in biya sauran duka da kuɗin da na tara, don haka rufin ɗakin Inna sai baɗi. Kai za ka gaya mata, tunda kai ne mai karin magana.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka